Tambaya da Amsa: Tankin sigarin lantarkina yana yoyo

Tambaya: Salam. Don Allah tankin sigarin lantarkina kullum sai ya yi yoyo ta ramin iska, har aljihu yake ɓata min, wani lokacin ruwan ya shigo min baki. Me ke jawo haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Fara duba robobin nan masu zagaye da ke toshe mahaɗar tankin, in ɗaya ta tsage ko ta goce shikenan iska ta samu hanyar shiga, ruwa kuma sai ya biyo. Sai koyil, wato wayar da ke ɗumama ruwan ya zama tururi, in ya tsufa audugar ciki ba ta riƙe ruwa, canza shi kawai, kuma ka ɗaura shi daidai ba da ƙarfin tsiya ba don matsewa da yawa na yaga robar.

Kar ka cika tankin maƙil, bar ɗan sarari a sama. PG da VG su ne manyan sinadarai biyu da ake haɗa ruwan da su: ruwa mai yawan PG tsinkakke ne, shi kuma koyil mai manyan ramuka ruwa mai kauri yake so, wato mai VG da yawa. Zafi ma na tsinka ruwan, kar ka bar sigarin cikin mota a rana, ka dinga ajiye shi a tsaye.

Ruwan da ya taɓa maka baki ko fata ka wanke nan take, nikotin guba ne wallahi, ka nisanta shi da yara.