Kafafen yaɗa labarai da matsayin addini a gidajenmu

Malam, ka tambaya ko kafafen yaɗa labarai ne ke nesanta matasanmu da addini. A ganina ba su cire imani daga zukata ba, amma sun ƙwace lokutan da addini da al'ada suka mallaka a da. Bayan Magariba yara kan tafi makarantar dare, in sun dawo su kewaye kaka ta yi musu tatsuniya. Yau kuwa sai ka shiga gida ka tarar kowa ya sunkuya a kan wayarsa, har ladan ya gama kiran Isha'i ba wanda ya ɗago kai. Wannan yana damuna ƙwarai.

Sai dai ya kamata mu yi adalci, domin Rediyon Kaduna ne ya kai tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello zuwa ƙauyukan da malamin bai taɓa takawa ba. Abin da ya sauya shi ne mai zaɓen abin da za a ji. Gidan rediyo yana da edita, amma TikTok da Facebook suna turo wa mutum duk abin da zai riƙe idonsa don su sayar da talla, shi ya sa guntun wa'azi mai zafi da raddi ya fi karatun littafi yaɗuwa.

An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya, kuma ikonta bai kai ga abin da yaro ke kallo a ɗakinsa da tsakar dare ba.