Ragar da Ƙanƙara Ta Haɗiye Mini

Saƙonka ya iso, ɗan ƙanwata. Ka ce man fetur ya yi tsada, wurin da muka kafa ragar kamun kifi a ƙarƙashin ƙanƙarar kogin Yukon, a nan Alaska, kuma da nisa daga gari, to me zai hana ka riƙa duba ta sau ɗaya a mako tunda kogin kansa firij ne. Ka kuma tambaya ko za ka iya kwance duwatsun da na ɗaɗɗaura a igiyar ƙasa, wai sun yi maka nauyin ja, ai akwai dalma a jikinta. Da tambaya ɗaya ka yi, da na ce jeka ka gwada, jiki magayi. Amma da ka haɗa su biyu a saƙo guda sai da gabana ya faɗi, don waɗannan abubuwa biyu ne daidai wani mutum ya yi mini, kuma har yau in na gan shi a gidan waya sai na juya na duba bango.

Ba zan tsaya koya maka yadda ake huda ramuka a jere ba, ko yadda ake tura doguwar sanda da igiya daga rami zuwa rami a ƙarƙashin ƙanƙara. Ka gani da idonka, kuma yaro ɗan shekara goma a ƙauyen nan ya san wannan. Abin da ba ku sani ba, ku 'yan yanzu, shi ne ƙanƙara ba rufin ɗaki ba ce da ake yi a gama. Girma take yi, kuma ƙasa take yi da girmanta, wajen ragarka. Kogin Yukon yakan daskare wajen ƙarshen Oktoba, a lokacin da ƙyar ƙanƙarar take ɗaukar mutum. Kafin Maris sai ka sare ƙafa uku ko huɗu ba ka ga ruwa ba. Duk wannan kaurin daga ƙasa ya ƙaru, dare bayan dare, kana gida kana barci.

Bari in ba ka labarin.

A shekarar 2000 ne, kana ciki ma ba a haife ka ba. Shekarar nan kifin samon ɗin kaka, wanda muke shanya wa karnuka, bai hau kogi ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, har hukuma ta rufe kamun. Rumbunan shanya kifi suka tsaya fayau tun daga nan har sama da garin Tanana. Ni kuwa ina da karnukan ja goma sha ɗaya, kowanne da baki. Abin da ya rage mana shi ne sauran kifayen kogin, farin kifi da shifish da faik da lush, a ƙarƙashin ƙanƙara. Raga biyu gare ni. Ɗaya ta kanti ce, babu wani labari a kanta. Ɗayar kuwa matata ce, Allah ya jiƙanta, ta ɗaura ta a jikin igiyoyinta da hannunta, ƙulli bayan ƙulli, tana zaune kusa da murhu. Abubuwan da ke ɗaga igiyar sama ma ba robobin kanti ba ne, ɓawon itace ne da mahaifinta ya sassaƙa irin na mutanen da. Ragar nan ta san ruwa. In ka sa ta a inda kogi ke juyawa bayan tsibiri, sai ta tsaya cak kamar bango, ba ta kwanciya, ba ta cukurkuɗewa.

Sai ga wannan mutumin, ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa suna gaishe ni. Ya zo da hula a hannu, wai yaransa ba abin da za su ci, tasa ragar ta yage, in ara masa ɗaya mu raba abin da ta kama biyu. A lokacin ƙafata ta kumbura, gatari ya same ni, raga ɗaya ma da ƙyar nake zuwa dubawa. Na ce to. Kuma don wauta irin tawa, mai kyan na ba shi, don wurin da za a kafa ta akwai jan ruwa, ta kantin ba za ta tsaya ba. Ni na ɗingisa na je na kafa masa ita. Na danna sandunan gefe biyu har igiyar sama ta sauka kamu biyu ƙasa da cikin ƙanƙara, na ɗaura duwatsu shida a igiyar ƙasa, na kafa turke mai ɗauke da sunana kamar yadda doka ta ce. Na ce masa: kullum, in ya yi yawa bayan kwana biyu, kuma duk zuwa ka zura sanda ka ji inda ƙanƙara ta kai, ka ƙara danna ta ƙasa. Ya ce ai ba yau ya fara ba.

Makon farko ya kawo mini rabona, farin kifi masu ƙiba, jini ja wur a kunnuwansu. Mako na biyu ya kawo kaɗan. Sai sanyi ya sauko, irin wanda in ka watsa ruwan zafi sama ba ya dawowa ƙasa da sunan ruwa, digiri 50 ƙasa da sifili da 'yan kai, hayaƙin gidaje ya miƙe sama kamar an zana shi. Shiru, ban ga kifi ba, ban ga mutum ba. Na aika, aka ce babur ɗin ƙanƙararsa ya ƙi tashi. To ƙafarsa fa? Ita ma ta ƙi tashi? Kwana tara ragar nan tana cikin ruwa ba wanda ya leƙa ta.

Ranar da sanyin ya ɗan sassauta na ɗaura karnuka na tafi da kaina. Tun daga nesa na hango abin da ya sa cikina ya ɗuri ruwa: duwatsuna shida, a tsibe a bakin ramin, dusar ƙanƙara ta lulluɓe rabinsu. Ya kwance su. Sun yi masa nauyin ja, kamar yadda suka yi maka. Na sa dagi na sare ramin, na kwashe ɓarɓashin, na kama igiya na ja. Ko motsi. Ka san yadda raga mai lafiya take amsa hannu, tana ɗan ba da kai, kana jin kifi na fizga can ƙasa? Wannan kamar na ɗaura igiya a jikin dutse nake ja. Na kwanta rub da ciki na haska tocila. Ruwan hunturu garau yake, ba irin dagwalon bazara ba, don haka na ga komai: ragar na lilo a ƙasa cike da matattun kifi, sun yi fari fat, igiyar sama kuwa ta shige cikin ƙanƙara tun daga wannan rami har inda hasken ya ƙare. Da ya cire duwatsun ragar ta taso ta manne da rufin, sanyin kwana tara kuma ya gina a kanta.

Akwai wani abin da ya ƙara yi, wanda kai ma na ga kana yi. Ya yi ta zirga-zirga da babur a kan layin ragar har dusar ƙanƙarar wurin ta danne ta zama hanya. Dusa bargo ce, ita ke hana sanyi ratsawa. Inda aka tattake ta, ƙanƙarar ƙasa ta fi saurin kauri. Shi ya sa nake ce maka ka bi ta gefe, ka kuma rufe bakin rami da rassa da dusa in ka gama. Ba tsafi ba ne, ba kuma rigimar tsufa ba.

Kwana uku na yi ina sara a kan layin nan da dagi da gatari, da ƙafa mai ciwo, a watan Disamba da hasken rana ba ya cika awa huɗu. Ƙafa sittin ce tsawon ragar. Na ceto abin da bai kai ƙafa goma sha biyar ba, shi ma dagin ya datse igiyar a wuri uku. Ana cikin haka ruwa ya ɓullo ta ramukan da na sassare ya malale a ƙarƙashin dusa, takalmana suka jiƙe, ɗan yatsan ƙafata na hagu har yanzu ba ya jin taɓi. A rana ta huɗu na sa wuƙa na yanke abin da zan iya, na bar sauran. Turken kuwa ya daskare a wurin, ban iya cire shi ba. Haka ya tsaya har ƙarshen hunturu da sunana a jiki, duk mai wucewa zuwa garin Nulato ya karanta ya san ga ragar wane da ƙanƙara ta cinye. Ni da mutane ke zuwa tambaya inda za su kafa tasu! Da Mayu ta zo kogi ya fashe, ya tafi da ita teku. Ka tuna abin da ƙanƙarar nan ta yi wa garin Galena a 2013 da ta toshe kogin ruwa ya haye gari, to ragar matata me ce ce a bakinta?

Na je wurinsa. Ban je da faɗa ba, na je in ji ya ce ya yi kuskure. Sai ya dube ni ya ce ai ragar dama ta tsufa, zarenta ya ruɓe, ko bai taɓa duwatsun ba ba za ta kai bazara ba. Daga baya kuma na ji cewa a mako na biyun nan da ya kawo mini kaɗan, buhu guda ya sa a jirgin sama ya aika wa 'yan'uwansa a Fairbanks. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yaron da ya taya shi ɗorawa ne ya faɗa. Abin da ya biya ni kuwa, gwangwanin kofi ɗaya ne, shi ma an fara sha. Kafin ƙarshen hunturun na ba da karnuka huɗu kyauta don ba zan iya kallon haƙarƙarinsu ba, ciki har da macen da ke ja mini gaba, wadda take sanin ruɓaɓɓiyar ƙanƙara tun kafin ni in gani. Sauran da shinkafa da kitse na riƙe su.

Sai batun firij ɗinka. Wa ya gaya maka ruwa firij ne? Iskar sama ce firij. Kifin da ka fitar ka yar a kan ƙanƙara, kafin ka gama warware na gaba ya sandare kamar itace, kuma haka zai zauna har Afrilu. Ruwan ƙasa kuwa bai daskare ba, in da ya daskare ai ba ruwa ba ne. Kifin da ya mutu a raga yana nan yana jiƙa, kunnuwansa su koɗe daga ja zuwa fari, namansa ya yi laushi har yatsa ya lotsa. Na kwana ɗaya, ka kai wa uwarka. Na kwana uku, sai karnuka. Na mako, ko karen ma sai ya shinshina ya dube ka. Kuma raga cike da gawa ba ta ƙara kama komai, nauyi kawai take yi, jan ruwa ya kwantar da ita ya cika ta da ƙiraruwa. Saboda ruwan ya fi iskar ɗumi ne ma kake ganina ina tsoma hannuwana cikin ramin in sun ƙage, kai kuwa kana ta fama da safar hannun kanti, kana son cire kifi daga zare da ita, kana yaga mini idon raga.

Ku 'yan yanzu komai sai inji. Injin huda ƙanƙara, zarton inji, waya mai nuna maka inda ka tsaya, kamar wanda ya ɓata a tsakar gidansu. Rannan na ga ka cire safa a sanyin digiri 30 ƙasa da sifili don ka ɗauki hoton shifish ka sa a Facebook, ragar kuwa na shimfiɗe a kan ƙanƙara tana sandarewa, igiyar mayarwa, wadda ake sake jan ragar da ita zuwa ƙarƙashin ƙanƙara, ta kusa sulalewa cikin ramin can. Da ta sulale, da ka san abin da ake nufi da sake tura sanda ta ƙarƙashin ƙafa uku na ƙanƙara. Kakanninka da ɓawon itacen bakin kogi suka murza zare suka saƙa raga, ba su da fetur balle ya yi musu tsada.

Kuma ka duba zamanin da kake ciki. Tun 2021 kusan ba wanda ya shanya samon a kogin nan, a 2024 kuma Alaska da Kanada suka sa hannu a kan dakatar da kamun babban samon na shekara bakwai. Wato ragar nan da kake ƙyashin zuwa dubawa ita ce tukunyar gidanku, da ta tsofaffi biyun da ke bayan coci waɗanda ba su da mai zuwar musu kogi. In fetur ne matsalar, ga karnuka uku a bayan gidana suna cin abinci a banza. In su ma sun fi ƙarfinka, mu cire ragar mu dawo da ita bakin rafin da ke kusa, ka riƙa zuwa a ƙafa, kifin ya ragu amma ragar ta tsira.

Duwatsun suna nan inda na ɗaura su. Gobe in gari ya fara haske ka zo da dagi da sandar awo, ka bar wayar a gida. Ni zan tsaya a ramin can in riƙe igiyar mayarwa, kai ka ja, kuma zan ƙirga su in sun fito, shida ne.