Jagorar injin tsaga katako: amsoshin wannan mako

Wani kafinta daga unguwar Bagalam ya rubuto: "Ƙarfen jagorar da ya zo da injina, wanda katako ke bi a gefen zarto, yana gusawa bayan na ɗaure shi. Na ga wani a babbar kasuwa jika ashirin, an ce irin na kamfanin Biesemeyer ne. In saya?"

Maigida, kai hannu kafin ka kai kuɗi. Ka sa a ɗora jagorar bisa dogon ƙarfen da take zamewa a kai a gaban teburi, a ɗaure, ka tura wutsiyarta da tafin hannu. In ta gusa ba ta dawo ba, aje musu kayansu. Ta gaske baƙin ƙarfe ce mai nauyi, kanta kamar harafin T, a gaba kaɗai take kamawa amma kamun nata ba wasa. Jabun kuwa ta alminiyam ce sirirya da hannun roba, an shafa mata fenti an manna suna. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai yi kwana uku yana cinikin katako, amma abin da ke tsakanin yatsunsa da zarto ya saye shi a tsaye don araha. In wutsiyar jagora ta karkata wajen zarto, katako yana matsewa, haƙoran baya masu tasowa sama su ɗauke shi su wurgo maka a ciki. Kuɗin da ka rage ba za su biya ɗinki ba. Ka kuma duba ma'aunin jikinta: wasu da inci ake yin su, kai kuwa da santimita kake aiki.

Wani ɗan koyo daga Tasawa: "Ramukan sabuwar jagora ba su dace da na teburin ba, ina tsoron huda injin ubangidana."

Ƙanena, tsoronka a kan hanya yake, kwantar da hankalinka. Fara cire filogi, domin wutar da ta ɗauke ba ta sallama in za ta dawo. Daidaita zarton tukun: yi wa haƙori ɗaya alama, auna daga shi zuwa kwararon teburi, wato doguwar tsagar da ke saman teburin a gefen zarto, ta gaba, juya shi baya ka sake aunawa, su zo daidai. Sannan ka kama dogon ƙarfen da matsi, samansa ya zauna ƙasa da gindin kwararon. Gwada jagorar, ta tashi daga teburi kamar milimita 1, kada ta goge shi. In ya yiwu huda dogon ƙarfen jagorar, ka bar teburin. In dole ne, buga alama da tsinke, fara da bakin huda na milimita 4, ka bi da na 9 don noti mai milimita 8. Ƙarfen zubi irin na teburin a bushe ake huda shi, a hankali, kuma kada ka ɗaure noti da ƙarfin tsiya, yana tsagewa. Daga ƙarshe jagora ta bi kwararon teburi, ko wutsiyarta ta buɗe waje da kaurin takarda guda.

Daga Madarumfa: "Wuƙar bayan zarto tana tare ni, in cire?"

A'a. Ita ke hana tsagar rufewa a kan zarto. In tana tare katako, galibi ba ta kan layi ɗaya da zarton ne. Sassauta notinta, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe, ka daidaita.