Amsa kan kuben ƙaramar bindiga a zafin Abuja

Yallaɓai, ka ce kai ɗan sandan farin kaya ne, kuben fata na gurje maka ƙugu. Zafin Abuja ne sila. Fata na shan gumi ta yi laushi, har tsatsa ta kama ƙarfen. Nemi na Kydex, roba ce mai tauri, wanda aka ƙera daidai da samfurin bindigarka, kuma ya rufe kunamar ruf. Wannan kam kada ka yi sassauci a kai, don Allah.

Zariyar wando ba ta ɗaukar nauyin bindiga. In kaftani za ka sa, tela ya ɗinka maka wando mai bel, ka ɗaura bel mai kauri, da singileti a ciki. Kafin ka biya, gwada kuben a zaune cikin mota.