Kafin a biya kuɗin tangaran na hannu: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon sun karkata ne ga kayan yumɓu na ado, irin waɗanda magina ke yi da hannu suna ɗauko zanen kakanni ko launin ƙasa da dutse da ruwa. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga tukunyar furanni a intanet an rubuta "aikin hannu", amma mai sayarwar yana da irinta sun fi hamsin, duk kamar an tsaga kara. Anya kuwa hannu ne?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kamanni shi kaɗai ba ya kama mutum da laifi, don ƙwararren magini yana iya gina kofi hamsin su fito kusan kai ɗaya. Sai dai idan aka jera su, za ki ga wani ya ɗara wani tsayi da milimita biyu ko uku, bakin wani ya ɗan fi buɗewa.

Hanyoyin gini uku ne suka fi yawa, kowace da alamar da take bari. Akwai naɗi, inda ake murza yumɓu kamar igiya a riƙa ɗora shi zagaye-zagaye ana shafewa. Idan kika zura hannu ciki za ki ji ɗan tudu da kwari, kuma bakin ba ya zama da'ira cif. Akwai juyi a kan faifai, wanda ke barin sawun yatsa zobba-zobba a ciki, tun daga gindi suna hawa sama, kuma ƙasan tukunyar yakan fi samanta kauri. Sai zubi: a dama yumɓu ya yi ruwa-ruwa, a zuba a mazubin filasta, filastar ta tsotse ruwan har bango ya kafu, a tuntsurar da sauran. Kayan zubi ba su cika nauyi ba, kaurinsu ɗaya daga sama har ƙasa, kuma sau da yawa akwai siririn layi a gefe biyu, inda ɓangarorin mazubin suka haɗu. Ko an kankare shi, hasken da ya bugo ta gefe yana tona shi.

Zubi ba ha'inci ba ne, akwai masu fasaha da ke ƙera mazubinsu da kansu su kuma yi zanen da hannu. Ha'inci shi ne a karɓi kuɗin naɗi a ba ki zubin masana'anta. Ki nemi hoto uku kafin ki biya: na gindi, na ciki, da na gefe a hasken rana. A gindi ki duba hatimi ko sa hannun da aka danna tun yumɓun yana ɗanye. A zanen kuma ki duba sawun buroshi, inda ya fara da kauri ya ƙare da siranta. Zanen da aka buga a takarda aka liƙa aka gasa, idan kika ƙara girman hoton, sau da yawa ɗigo-ɗigo yake, kuma iri ɗaya sak a kan kowace tukunya.

Tambaya: Na zuba ruwa da furanni a tukunyar da na saya, washegari na tarar da naso ya ɓata mini teburin katako. Babu tsaga ko ɗaya. Na mayar ne?

Malama, in ba a ce miki tana riƙe ruwa ba, tukunyar ba ta yi laifi ba, halinta ne. Komai ya dogara ga zafin wutar da ta sha. Yumɓun da aka gasa a digiri 1,000 zuwa 1,150 na ma'aunin Salshiyas yana taurarewa amma ƙananan ƙofofinsa ba sa toshewa, shi ya sa yake shan ruwa yana tsattsafo da shi. Wanda aka kai digiri 1,200 zuwa 1,300 wani ɓangarensa yana narkewa ya cike ƙofofin, ya zama kamar dutse. Farin tangaran mai laushi, wanda ake yi da farar ƙasar kawolin, shi ma wuta mai tsanani yake sha, wani har ya kusa 1,400.

Aikin Ladi Kwali ya nuna wannan bambanci ƙarara. Ta taso tana gina manyan tuluna ta hanyar naɗi, tana zana musu ƙadangare da kunama da kifi, ana gasa su a buɗaɗɗiyar wuta. Da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew, wani magini ɗan Birtaniya, a 1954, sai ta riƙa gina siffar nan da zanen nan da yumɓu mai jure babbar wuta, a shafe shi da rufin gilashi. Tulun ya ƙara nauyi, ya daina naso, to kuma ya daina sanyaya ruwa, tunda nason ne ke sanyayawa. Siffa ɗaya, aiki biyu daban.

Gwajin ba wuya. Ki cika tukunya da ruwa, ki goge bayanta ya bushe, ki ɗora ta a kan farar takarda ta kwana. Idan takardar ta yi laima ko ta yamutse, kin sami amsa. Ki kuma ƙwanƙwasa bakinta da farce: wadda ta sha wuta sosai tana ƙara kamar ƙararrawa, mai ƙaramar wuta ko mai ɓoyayyiyar tsaga sautinta a dakushe yake. Maganin taki shi ne ki sami siririn kofin gilashi ki zura ciki ki zuba ruwan a nan, ko ki koma busassun furanni. Ki liƙa ƙyalle mai kauri a gindinta, don gindin da ba a shafa wa komai ba yana karce katako ko da babu ruwa.

Tambaya: An ba ni kyautar faranti mai launin ja da ruwan lemo, mai kyau sosai. Zan iya cin abinci a ciki?

Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a cikin duk waɗanda aka aiko, kuma amsarmu ita ce ka dakata tukuna.

Ƙyallin da kake gani a jikin faranti gilashi ne, ana shafa shi yana ruwa-ruwa, wuta ta narkar da shi ya manne. Domin gilashi ya narke a ƙaramar wuta sai an haɗa masa abin da zai sauko da zafin narkewarsa, kuma tun zamanin da dalma ce ta fi yin wannan aiki da sauƙi, ga ta da fitar da sheƙi. Ja mai haske da ruwan lemo da rawaya kuma a wasu lokuta daga wani ƙarfe mai suna kadmiyam ake samo su. Duka biyun guba ne. Abu mai tsami, kamar ruwan lemon tsami ko tumatir, yana janyo su daga rufin zuwa cikin abinci, zafi da daɗewa kuma suna ƙara yawan abin da ke fita. Dalma tana taruwa a jiki a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba, kuma ta fi yi wa yara ƙanana da masu juna biyu illa. Wanki ko tafasawa ba sa cire ta.

Ba kowane jan faranti ne ke da wannan matsala ba, akwai launukan zamani da aka killace sinadarin ta yadda ba ya fita. Amma ido ba ya bambancewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi maginin kai tsaye: akwai dalma a rufin nan? A wane zafi aka gasa? An kai samfuri ɗakin gwaji? Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da kwana-kwana ba.

Akwai gwajin gida: ka yanka lemon tsami ka kifa shi a kan farantin ya kwana, da safe ka wanke ka duba. Idan launin wurin ya kode ko ƙyallin ya dushe, rufin ba shi da ƙwari, kada a ci a ciki. Amma ka lura, rashin canzawa ba shaida ce ta babu dalma ba. Haka 'yan sandunan gwajin dalma da ake sayarwa: in sun nuna akwai, ka yarda, in sun nuna babu, kada ka saki jiki.

Sai ka karkata farantin a haske ka duba ko akwai ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo. Suna faruwa ne idan rufin ya fi jikin farantin takurewa yayin da suke hucewa. Wasu magina da gangan suke yin su don ado, har su shafa musu tawada su fito. A kan yumɓu mai shan ruwa, maiƙo da ruwan wanki suna bi ta nan su shige ciki, su bar tabo da wari. Kayan raku, wanda asalinsa Japan ne tun ƙarni na 16 kuma yanzu ake yin wani salo nasa a ƙasashen Yamma ta hanyar ciro tukunya tana ja zur a tura ta cikin dusar katako, na wannan salon ado ne kawai. Idan ba ka san wanda ya yi farantinka ba, bango ko kanta ne wurinsa.

Tambaya: Mai sayarwa ya ce launin kwanon daga tokar itace da ƙasar wani tsauni aka samo shi. Da gaske ana haka? Kuma me ya sa wanda aka aiko mini bai yi daidai da na hoto ba?

Ana yi, 'yar'uwa, kuma daɗaɗɗiyar hanya ce. Tokar itace tana ɗauke da sinadaran da ke narkewa su zama gilashi a babbar wuta, ta bar launi tsakanin kore-kore da ruwan ƙasa, tana gangarowa kamar sawun ruwa a jikin dutse. Ƙarfen da ke cikin ƙasa yana ba da ruwan zuma ko ja-ja idan iska ta wadata a tanderu. Idan aka rage iskar, ƙarfen nan ɗan kaɗan shi ke ba da koren nan mai sanyi da aka san tangaran ɗin Sin da Koriya da shi. Jan ƙarfe akasin haka yake: kore a wadatar iska, ja a ƙarancinta. A Bizen ta Japan ba sa shafa komai, sai su yi kwana goma ko fiye suna zuba itace, tokar da ke tashi da harshen wuta su yi zanen da kansu.

To abin da wuta ta zana ba ya maimaituwa. Kwano biyu daga guga ɗaya, ɗaya kusa da wuta ɗaya a lungu, ba za su fito ɗaya ba. Don haka a irin wannan kaya ki ce a turo miki hoton ainihin wanda za a aiko, ba na ɗan'uwansa ba. Idan kuma an ce toka ce da ƙasar tsauni amma guda ɗari sun fito launi ɗaya tas, a nan ne ya kamata ki sa alamar tambaya.

Tambaya: Ina son kayan da ke da zanen gargajiya na wata al'umma. Ta yaya zan san ba kwaikwayo ba ne?

Alhaji, ka raba abu biyu: wanda 'yan al'ummar suka yi, da wanda wani ya yi yana koyi da su. Na biyun ba laifi ba ne muddin an faɗa. Wasu ƙasashe sun sa doka a kai. A Amurka, dokar 1990 ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar idan ba su suka yi ba, saboda yawan kwaikwayon da ake yi wa ayyuka irin baƙaƙen tukwanen Maria Martinez, wata magina 'yar asalin ƙasar daga ƙauyen San Ildefonso, waɗanda ake gogewa da dutse har su yi sheƙi, a turnuƙe wutar su yi baƙi. A Meziko, sunan Talavera, wani nau'in tangaran mai zane, yana da kariya ta hukuma, kuma UNESCO ta sa sana'ar a jerin al'adun da ake adanawa a 2019, tare da takwararta ta Sifaniya.

Inda babu doka, tambaya ce makaminka: wa ya gina, a ina ya koya, mene ne sunan zanen? Mai gaskiya zai faɗi suna da wuri. Mai cewa "zanen gargajiya ne na da can" ya tsaya nan, ka rage abin da ka yi niyyar biya. Ka kuma yi hattara da wanda aka ce tsoho ne daga ƙarƙashin ƙasa: ko jabu ne da aka shafa wa laka, ko kuma na gaske ne da doka ta hana fitar da shi daga ƙasarsa.

Tambaya: Farantin da na rataye ya faɗo ya rabe biyu. Yana gyaruwa? Kuma yaya zan rataye sauran?

Yana gyaruwa, Malama, amma ya tashi daga na abinci. Ki goge bakin karayar da ƙyalle mai ɗan sifirit, ki bari ya bushe, ki gwada haɗa ɓangarorin ba gam don ki ga yadda suke zama. Sannan ki kwaɓa gam mai haɗi biyu, wato ifoksi, ki shafa siriri a gefe ɗaya kawai. Gam mai yawa shi ke hana baki haɗuwa. Ki cusa rabin farantin a tsaye cikin kwano mai yashi, ki ɗora ɗaya rabin a kai yadda nauyinsa zai danne shi, ki riƙe da salatif, ki bar shi awa 24. In farantin mai daraja ne sosai kada ki taɓa, ki kai wa mai gyaran kayan tarihi, don cire tsohon gam ya fi liƙawa wahala. Gyaran zinare na Japan da ake gani a hotuna, inda layin karayar ke fitowa da ruwan zinare, da ƙaron wata bishiya ake yinsa, yana ɗaukar makonni. Yawancin kayan gyaran da ake sayarwa da sunansa ifoksi ne da hoda mai ruwan zinare.

Wajen rataya, ki fara auna nauyin farantin, ki sayi maratayin da aka rubuta yana ɗaukar fiye da haka. Mai waya da sifirin yana cizon baki ya ɓantare shi, sai dai in ƙugiyoyinsa suna da rufin roba kuma girmansa ya dace da faɗin farantin. Faifan da ake liƙawa a baya ya fi kyan gani, amma yana son baya mai santsi da tsabta, da kwana ɗaya cur kafin a rataya, kuma ba ya son ɗaki mai laima. A bangon siminti ki huda ki sa fulogi da sukuru, kada ki dogara da ƙusa. Tsakiyar farantin ta kasance wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, nesa da ƙofar da ake bugawa.