Amsa: Ruwan wankin roba ya yi baƙi, a zubar ko a sake amfani da shi?

Malam, ka ce kuna wanke gorunan roba da jarkoki kafin niƙa, ruwan yana yin baƙi da wari, kana tambayar inda za ku zubar. A Damagaram da ruwa ke da tsada haka, gyara shi ya fi zubarwa.

Fara da raga mai ƙofa milimita 1 a bakin magudanar, ta tare ɓarɓashin roba da takardun jikin gora. Daga nan rami biyu na siminti: na farko yashi ya kwanta, na biyu a sa bututun fita ya nutse ƙasa da saman ruwa, mai ya taso a kwashe.

Bayan ramukan sai a sa alif, mai haɗe ƙananan datti su kwanta ƙasa. Wurin alif ne aka fi yin kuskure. In kuna wanki da soda, pH ɗin ruwan (ma'aunin asid ko soda a cikinsa) kan kai 11, alif kuwa sai tsakanin 6 da 7.5 yake aiki sosai. A auna da takardar gwaji, a sauko da shi da ɗan asid, da safar hannu. Kada a zuba alif da ka. Cika gora biyar na lita ɗaya da ruwan wankin, sa alif miligiram 100 a ta farko, 200 a ta biyu, har 500 a ta biyar, motsa da ƙarfi minti 1, a hankali minti 15, a bari rabin awa. Wanda ya fi washewa shi ne ma'auninku. In alif ya yi yawa, ruwan sake gurɓacewa yake.

Ruwan saman ya bi ta matatar yashi da tsakuwa, ya koma wankin farko kawai. Ɗauraya ta ƙarshe sai sabon ruwa, don gishiri na taruwa.

Laka a shanya ta a kan siminti, kada ta je gona ko tabki. Jarkokin maganin ƙwari kuwa, kada su shiga wankin nan sam.