Amsa ga ɗan'uwanmu na Lokoja kan tashoshin Nilesat da suka ɗauke

Wa alaikumus salam. Malam, na ga tambayarka. An yi maka canjin wurin aiki daga Katsina zuwa Lokoja, ka kwaso dish ɗinka mai santimita 90 da risibarka, aka saita maka kan Nilesat kamar da, kana kallon tashoshin Masar da Sudan da na Makka da Madina. Tun faɗuwar damina kusan rabinsu sun ɗauke, sauran kuma suna nan garau. Mai gyara ya ce risiba ce ke son a sa mata sabuwar manhaja, ka kawo kuɗi. Kana tambaya ko ka biya, ko ka sayi sabuwa.

Kada ka biya tukuna, kada kuma ka bar kowa ya hau ya taɓa dish ɗin. Na daɗe ina wannan sana'a, kuma yawancin ɓarnar da ake kira na in gyara ba asalin matsalar ba ce, abin da aka yi garin gyaranta ne. Wani ya kwance noti ya juya faranti, wani ya mayar da risiba yadda ta fito daga kamfani, sai a wayi gari har rabin da ke aiki ya bi sahu.

Ka fara sanin matsayinka. Waɗannan tashoshi ba don mu ake watsa su ba, arziƙin maƙwabta muke ci. Tauraron ɗan'adam yana can sama wajen kilomita 36,000, yana haska siginarsa kamar cocila: tsakiya haske sosai, gefe dishi-dishi. Tsakiyar hasken Nilesat na kan Masar da ƙasashen Larabawa da Arewacin Afirka. Katsina gefe take, Lokoja kuwa gefen gefe, tunda ka gangaro daga wajen digiri 13 arewa zuwa ƙasa da digiri 8. Kuma abin da muke kira Nilesat a digiri 7 yamma ba tauraro ɗaya ba ne. Akwai na kamfanin Nilesat ɗin kansa, akwai Eutelsat 7 West A da aka harba a 2011, ga kuma Eutelsat 8 West B daf da su a digiri 8 yamma. Dish ɗinka duk yana ɗebo su a haɗe, amma kowanne da inda ya fuskantar da haskensa. Shi 7 West A yana da wani haske da ya gangaro ta yammacin Afirka har gaɓar teku, shi ya sa wasu tashoshin ke shigo maka da ƙarfi ko ana ruwa, wasu kuma da ƙyar suke leƙowa ko da rani. Don haka ɗaukewar rabi da tsayuwar rabi ba abin mamaki ba ne a wurinka.

Yanzu ɗauki rimot da takarda da biro. Je kan kowace tasha da ta ɗauke ka danna Info, ka rubuta firikwensinta, da harafin da ke gefensa, H ne (sigina a kwance) ko V (sigina a tsaye), da abin da allo ya rubuta maka. Ka yi wa guda goma ko sha biyar haka. Wannan takardar ita ce za ta faɗi inda ciwon yake.

Idan duk waɗanda suka ɗauke H ne, V kuma lafiya lau, to wuta ce ba ta isa LNB, wato ɗan kan nan da ke gaban faranti. Risiba tana tura masa bolt 13 don ya kama V, bolt 18 don ya kama H. In waya ta yi tsawo, ko siririya ce irin ta araha, ko ruwa ya shiga mahaɗinta ya yi tsatsa, 18 ɗin ba ta kai sama, sai H ta mutu gaba ɗaya. Da ka ce abin ya faro da damina, nan zuciyata ta fara zuwa. Kashe risiba daga soket kafin ka kwance komai, domin akwai wuta a cikin wayar. Duba mahaɗin da ke jikin LNB: in ka ga tagullar tsakiya ta yi baƙi ko kore, yanke kamar taƙi ɗaya ka sa sabon kai, ka naɗe da tef. Ka duba murfin LNB ma, rana tana fasa shi ruwa ya taru a ciki.

Idan kuma duk waɗanda suka ɗauke firikwensinsu ya haura 11700, na ƙasa da haka suna aiki, to shiga saitin eriya. Dole LNB ya zama Universal, 9750 da 10600, sannan 22K, wato abin da ke sa LNB ya koma kan manyan firikwensi, ya zama Auto. Yara masu wasa da rimot sun sha jefa iyayensu cikin wannan. In saitin daidai yake, mai yiwuwa LNB ne ya mutu rabi, kuma ba tsada gare shi ba.

Inda na fi zato, bayan maganar tsatsa, shi ne ka tarar H da V a gauraye, sama da ƙasa a gauraye, amma duk tashoshin da suka ɗauke sun taru a kan firikwensi uku ko huɗu. A nan sai ka kalli layuka biyun nan na sigina. Na sama, Strength, kada ya ruɗe ka. Ko ka juya faranti ya kalli bango zai iya nuna maka 80, don abin da yake cewa kawai shi ne waya na haɗe da LNB mai rai. Na ƙasa, Quality, shi ne magana. In yana rawa yana tashi kaɗan yana komawa sifili, musamman in da daddare ko da asuba hoto kan dawo yana tsinkewa, to tashar tana nan, kai ne siginarka ta gaza. Hadari da ruwan sama suna cinye siginar Ku, wato irin siginar da waɗannan tashoshi ke zuwa da ita, kuma ruwan Lokoja ba irin na Katsina ba ne. Da rani kana tsaye daidai bakin iyaka, damina ta zo ta tura ka waje.

Akwai abu ɗaya da masu saiti da yawa ke tsallakewa, kuma kyauta ne: murɗa LNB a cikin zobensa. Kowane gari da gwargwadon karkatar da ya kamata LNB ya yi, kuma idan ana matsowa kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu (ikwaita) karkatar na ƙaruwa da sauri. A lissafi, tsakanin Katsina da Lokoja a kan digiri 7 yamma bambancin ya haura digiri 10. In wanda ya saita maka ya bar LNB yadda ka kwaso shi daga Katsina, ya juya faranti kawai har ya ga hoto ya sauko ya karɓi kuɗinsa, to ka yi asarar sigina mai yawa tun ranar farko. Sa alama da fenti ko ƙusa a inda yake yanzu, ka ajiye risiba a kan firikwensi mafi rauni, ba mai ƙarfi ba, sannan a sassauta zoben a riƙa murɗawa kaɗan kaɗan, ana dakatawa bayan kowace murɗa don risiba ba ta amsawa nan take. Sai an gama da wannan za a taɓa farantin kansa, shi ma bayan an sa alama. Iskar farkon damina tana gusar da shi ɗan abin da ido ba zai gani ba, kuma mai zaman gefe ba shi da rarar da zai jure hakan. Maganar bishiya ba ta cika shafarka ba, tauraron yana can sama wajen digiri 70, sai dai in reshe ya rufo ta kan faranti.

In an yi duk wannan Quality bai zauna ba, faranti ne ya yi maka kaɗan. Ni dai daga Abuja zuwa kudu ba na yi wa kowa alƙawarin Nilesat cikakke da santimita 90. Mita 1.8 nake faɗa, shi ma in ce wasu tashoshin sai abin da Allah ya yi. Kafin ka kashe kuɗi, zaga unguwa ka nemi mai babban dish da ke kan Nilesat, ka roƙe shi ka ɗaura risibarka a wayarsa. In tashoshinka sun dawo a gidansa, risibarka lafiyarta ƙalau kuma ka san girman farantin da za ka saya. Wannan gwajin ya fi duk wani zato nawa.

In Quality sifili ne cak dare da rana a kan wani firikwensi, har a gidan maƙwabcin, wataƙila tashoshin sun yi ƙaura. Yi Blind Scan, wato ka sa risiba ta lalubo tashoshi da kanta, amma ka zaɓi a ƙara a kan jerin da kake da shi, kada a goge. Sau da yawa za ka same su can ƙarshen jeri. Wani lokacin kuma daga tushe ne aka rufe: tasha ta kasa biyan hayar tauraro, ko wani abu ya same ta, kamar yadda talabijin ɗin gwamnatin Sudan ya ɗauke a Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum da Omdurman. Wannan ba a kan rufin ɗakinka ake gyara shi ba.

Sai mai ɗacin, wanda ba shi da magani. Idan aka mayar da tasha kan wani tauraro ko wani haske da bai kawo wajenmu ba, shi ke nan. Taurarin nan suna tsufa ana sauya su, Nilesat 301 ma a watan Yunin 2022 aka harba shi, kuma duk sabon tauraro da irin iyakar haskensa. Masu tasha suna duba mutanen da suke yi wa shiri ne, wani lokacin ma da gangan suke matse hasken saboda haƙƙin nuna ƙwallo da fina-finai ƙasa ƙasa ake sayar da shi. Turawan Ingila mazauna kudancin Sifaniya sun ɗanɗana wannan a farkon 2014, da BBC ta koma kan tauraron Astra 2E mai matsattsen haske a kan Birtaniya. Dare ɗaya tashoshin gida suka ɓace musu, masu manyan faranti ma da yawa ba su tsira ba. Haka nan in allo ya rubuta Scrambled ko ka ga alamar dala a gefen sunan tasha, kulle ta aka yi sai da kati. Masu cewa za su buɗe maka da manhaja, yau ta buɗe jibi ta rufe, in kuma aka sa wadda ba ta risibarka ba ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar sawa, risibar ce za ta mutu.

Wuri biyu kaɗai nake yarda laifin risiba ne. Na farko, ka ji murya amma allo baƙi, ko ya rubuta cewa bai gane irin hoton ba. Wannan tashar ta koma sabon tsarin matse hoto ne, MPEG-4 ko H.265, tsohuwar risiba ba ta iya buɗe shi. Na biyu, tashar ta koma sabon tsarin watsa sigina na DVB-S2 alhali risibarka DVB-S ce zalla, irin tsofaffin nan marasa HD, wadda ba za ta ma ga firikwensin ba. Duka biyun a jikin na'urar abin yake, manhaja ba ta ƙara mata abin da ba a ƙera ta da shi ba. In haka ne sai sabuwa, kuma ka tabbata an rubuta DVB-S2 da H.265 a kwalin, ka sa a gwada maka a shago kafin ka biya.

Ka turo mana abin da ka rubuta a takardar, da sunan risibar, da hoton layukan sigina na tasha ɗaya mai aiki da ɗaya da ta ɗauke, ɗaya da rana ɗaya da dare. In akwai DiSEqC, wato ɗan akwatin da ke haɗa LNB fiye da ɗaya da risiba, ko wata mahaɗa tsakanin dish da risiba ka faɗa, don ita ma ruwa na shigarta, kuma kafin komai sai a cire ta a haɗa waya kai tsaye a gani.